Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

Da ba don maganar da Sanusi ya yi ranar sunan ɗansa ba, da na tsallake wannan shekara a labarin rayuwata, na bar ta ta bi ni kabari. Kuna wurin, kun ji da kunnenku. Matarsa Balki ta ɗauki jaririn a gaban mata, farin ciki ya kwashe ta, ta kira shi da sunan da aka raɗa masa da safe. Ɗanta na fari ne. Sai Sanusi, ɗan da na haifa da cikina, ya leƙo ta ƙofa yana dariya ya ce:

"Ke Balki, a yi a hankali hwa. Kar ki ɗauko muna halin Inna."

Aka kwashe da dariya, wasu na rufe baki da mayafi suna satar kallona. Ashe har ku, 'ya'yana, abin da kuka riƙe ke nan: uwarku ita ce matar da ta zubar da kunya a tsakar lakkwal, makarantar boko. Ba laifinku ba ne kaɗai. Kuna ƙanana lokacin, kuma daga bakin gwaggonninku kuka ji labarin, su kuwa sun yanke shi daidai inda ya yi musu daɗi. To yau ku ji shi daga bakin mai shi.

Ku fara sanin wannan: a cikin matan da aka kawo gidanku babu wadda ta kai ni kunya. Daga Mai Yara aka kawo ni Dakoro, kuma uwar da ta raine ni ba ta wasa da tarbiyya. Har yau da nake rubutun nan, babanku yana ƙasa, ban taɓa kiran sunansa ba. Da na haifi yayarku, 'yar farina, sai aka sa mata sunan kakarku Iya, uwar babanku. Kunya ta zame mini biyu ke nan, ta 'yar fari da ta suruka. Ban ɗauke ta a gaban mutane ba, ban yi mata wasa ana kallo ba, in tana kuka sai wata ta miƙo mini ita ina kau da kai. Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin Iya, kamar yadda ake yi. Mutanen gida suna ce mata Uwani, tunda ba mai iya kama sunan tsohuwa. Ni ko Uwanin ba na faɗi. "Waccan" nake cewa, ko "ta ɗakin Iya". Mata suna yabona a kan haka, ni ma ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba.

Yayarku ba ta daɗe da shiga lakkwal ba sanƙarau ya shigo gari da bazara. Ya kwantar da ita har muka fid da rai. Iya ce ta yi jinyarta, ba ta runtsa ba, wannan ba zan taɓa hana mata ba. Allah ya tashe ta, amma ya karɓi kunnen. Ni na fara ganewa. Wata rana tana zaune ta ba ƙofa baya, akuya ta tunkuɗe tulin kwanoni a bayanta, kaji suka watse, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Amma ba hurumina ba ne in ruga in rungume ta. Sai da na jira Iya ta fito na ce, ina kallon ƙasa:

"Iya, kamar ana magana ba a ji a ɗakinki."

Daga nan gari ya raɗa mata sabon suna. Bebiya. Alhali tana magana, don ta iya magana kafin ciwon, sai dai muryar ta sirance, wani lokaci ta yi sama wani lokaci ta yi ƙasa, tunda ba ta jin kanta. Yara suka riƙa kwaikwayonta, sai ta rufe bakinta a waje ɗungum. Ku duba fa: gida ba a faɗin sunanta don kunya, waje ba a faɗinsa don raini. Sunan da aka yanka mata rago a kansa ya ɓace a tsakanin biyun.

A lokacin ina suyar ƙosai a bakin lakkwal ɗin, gindin wata itaciyar bedi, daidai tagar ajinsu. Abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, gani na yi. Malaminsu wani ne Mushe Alhasan, don Mushe ake ce wa malamin lakkwal, mutumin Azagor, dogo, siriri, mai rawani da amawali. Kun san mutanensu: namiji ba ya buɗe bakinsa a gaban jama'a, ko ruwa zai sha sai ya tura moɗa ta ƙarƙashin amawalin. Wannan ita ce tasu kunyar, kuma sun riƙe ta fiye da yadda muka riƙe tamu. Wata safiya ana dikte, wato malami yana karantawa yara suna rubutawa, na ɗaga kai daga kaskona sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya dawo da yayarku bencin gaba, ya tsaya a gabanta cak, ya sa hannu ya ja amawalinsa ƙasa har haɓa. Yara suka ɓarke da dariya, ba su taɓa ganin bakin Mushe ba. Bai kula su ba. Ya ci gaba da karatu a hankali, bai zagaya aji kamar yadda malamai ke yi ba, ita kuwa ta kafe bakinsa da ido, hannunta na tafiya a kan allo. Ƙosaina ya ƙone a kasko ran nan.

Da aka fito shan iska ya zo ya sayi ƙosai, amawali ya koma wurinsa. Ya ce:

"Yarinyar ga ta bencin gaba, ɗiyar gidanku ta?"

Na ce, "Ta ɗakin surukata ta."

Ya gane, don shi ma ɗan mutane ne, bai sake tambayata ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne:

"Tana da kai. Baki kawai taka so ta gani."

Haka ya yi ta tafiya da ajinsu shekara bayan shekara, yana sauke amawali saboda yarinya ɗaya. Ba ta zama ta farko ba, amma ba ta taɓa maimaita aji ba, har suka kai ajin ƙarshe, wanda daga shi sai jarrabawar sartifika. Ba wanda ya turo shi, ba wanda ya biya shi. Da an bar mu haka, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai taimako ya zo. Wallahi har yau in na ji an ce "an kawo taimako" sai gabana ya faɗi. Farkon shekarar karatu fararen motoci suka shigo daga Maradi, aka ce mutanen wani biro ne, wato ofis, mai kula da karatun yara masu naƙasa. Ba zan kama sunansa ba, su sun san kansu. Aka tara iyaye a ƙarƙashin inuwa, wani mai farin tabarau ya yi jawabi, tafinta na juyawa. Kowace kalma zuma. Ya ce kurame da makafi da guragu 'ya'yan ƙasa ne, suna da haƙƙi. Wa zai yi musu? Ya ce zalunci ne a cusa kurma cikin masu ji, don haka za a buɗe musu ajinsu na musamman, a turo malamin da ya koyi maganar hannu. Gwajin da suka yi kuwa shi ne wani ya tsaya a bayan yaro ya tafa hannu, in bai waiwaya ba a ware shi gefe, yadda ake ware tumaki a kasuwa. Ba wanda ya leƙa aji ya ga yadda take karatu. Ba wanda ya buɗe littafinta. Aka shafa wa wani ɗaki a ƙarshen fili shuɗin fenti, aka kafa allo mai zanen kunne a ƙofarsa, aka ce daga gobe nan ne ajinsu.

Mushe Alhasan ya ce a bar masa ita har malamin ya iso. Direkta, shugaban lakkwal ɗin, ya ce masa oda ce daga sama. Aka tambayi Iya, tunda ita ce mai riƙo, ta ce:

"Masu ilimi sunka ce haka ya hi. Ni mi na sani?"

Babanku ya ce shi ma bai fi su sani ba. Ni ba a tambaye ni ba, kuma ba za a tambaye ni ba, don a idon gari ni ba kowa ba ce a wurinta face mai suyar ƙosai.

Malamin bai zo ba. Aka ce yana can ana horar da shi. Aka gama girbi, aka kai gero rumbu, bai zo ba. Sanyi ya shigo, aka ce takardarsa na kan hanya. Mai gadi ne ke buɗe shuɗin ɗakin da safe, yaran su shiga su zauna suna kallon bango, in rana ta take ya kore su ya rufe. Akwai waɗanda aka ɗauko daga ƙauyukan Bader Goula, iyayensu suka ajiye su gidajen dangi saboda wannan alkawari. Da suka ga zaman banza ne suka zo suka kwashe abinsu, wasu aka mai da su kiwo. Ɗakin ya yi ta raguwa. Ita kuwa yayarku kullum sai ta zo, da allonta a hammata. Ta ɗan zauna a shuɗin ɗakin, sai ta sulale ta zo ta tsaya a bayan tagar tsohon ajinta, ta yi ɗage, tana neman bakin Mushe. Shi kuma in ya hange ta sai ya juyo wajen taga ya ja amawali ƙasa. Direkta na ganinsu zai fito da tsumagiya, ba don ya doke ta ba, sai dai ya yi ta kaɗa ta kamar mai korar kaza daga shanya.

"Ki koma kilas ɗinku! Ke ba ta nan ba ta yanzu!"

Yana yi mata ihu, wai kurma yake yi wa ihu. Duk wannan a gaban idona, taku kaɗan daga kaskona. Ina juya ƙosai, hayaƙi na shiga idona, ina gode wa hayaƙin don shi ne ke rufa mini asiri. Abokan karatunta suna ta gaba, jarrabawa na matsowa, kuma kowa ya san in wannan shekara ta wuce ta shekarunta sun haura, ba mai sake karɓarta. Garin neman gira za a rasa ido, kuma ba ma mu muka nemi girar ba.

Kada ku ce ban bi hanya ba. Duk hanyar da kunya ta yarda da ita na bi. Na aika ƙawata ta yi wa Iya magana. Na yi wa babanku zancen a kaikaice, na ce ai yaran shuɗin ɗaki suna ban tausayi. Ya gane inda na dosa, don ba shi da mugun zuciya, tsoron ofis ne kawai ya yi masa yawa. Ya sa babbar rigarsa ya je wurin direkta sau ɗaya, ya dawo ya ce:

"An ce a yi haƙuri, ana kan nazari."

Haƙuri! Shi mai nazarin 'ya'yansa suna zaune a aji a Maradi, malami na gabansu. Mu aka bar wa haƙurin, kamar gadon ubanmu ne.

Sanyi na ƙarewa sai aka ce manyan baƙi za su zo, waɗanda suka ba da abin da aka yi aikin da shi, suna so su ga yadda ajin ke tafiya. Nan na ga abin da ya tsaya mini a rai har yau. Mutanen da suka kasa turo malami wata da watanni, cikin 'yan kwanaki suka tashi babura suka bi ƙauyuka suka tattaro yaran nan kaf, har wanda aka ɗauko daga bayan shanu. Aka raba musu sababbin riguna. Aka share shuɗin ɗaki, aka liƙa hotuna a bango. Ana gobe baƙi za su iso aka zo da wani saurayi, ya koya musu abu ɗaya tak: su ɗaga hannuwa sama su karkaɗa, wai tafin kurame ke nan. Ni kuma aka ce in ja kaskona can bayan katanga, hayaƙi zai dami baƙi.

Ranar, unguwa ta cika filin lakkwal. Maza a gefe, babanku a cikinsu, mata a gefe, Iya a kan tabarmar gaba cikin iyayen yaran. Aka yi jawabi, aka nuna saurayin nan aka ce ga malamin aji na musamman. Yaran suka karkaɗa hannu, baƙi suka ji daɗi, wata a cikinsu har da share hawaye. Ina leƙe ta kan katanga, cokalin suya a hannuna. Sai mai farin tabarau ya ce za a ɗauki hoto, ya waiga ya ce wa direkta da Hausa, da ƙarfi, kowa na ji:

"Ina bebiyar nan mai haske? Jawo ta gaba, ita za ta fi kyau a hoto."

Aka kamo kafaɗarta aka turo ta gaba. Aka karɓe allonta, wani ya rubuta kalmar godiya da Faransanci a kai da manyan baƙaƙe, aka mayar mata aka ce ta ɗaga. Yarinyar da ke rubuta shafi guda da hannunta, wai wani ne zai rubuta mata kalma ɗaya. Ta ɗaga allon, amma ba hoton take kallo ba, idonta na yawo cikin taro. Na san wanda take nema. Na bi idonta na same shi can baya, jingine da bango, ya ja amawalinsa har ƙarƙashin ido. Baƙo, wanda ba ubanta ba, ba kawunta ba, ya ajiye kunyar iyayensa shekara da shekaru saboda ita, har an kai shi inda ya mai da bakinsa ya rufe. Ni da na haife ta ina bayan katanga ina riƙon tawa kunyar kamar ƙwai. Tura ta kai bango.

Ban san lokacin da na zagayo ba. Na ratsa maza, na ratsa kujerun baƙi, zanena duk mai, cokali a hannu, na tsaya tsakaninta da mai hoto. Na buɗe baki na ce:

"Sunanta Maimuna!"

Na sake faɗi, da ƙarfin da ban san ina da shi ba:

"Maimuna sunanta, ba Bebiya ba! Ɗiyata ta, ni na haihe ta! Kun hidda ta daga inda taka karatu kun zuba ta ɗakin da babu kowa. Ina malamin da kunka ce? Wanga yaro jiya ya zo, gobe shi koma cikin motarku. Ku ji tsoron Allah! In ba ku iya gyarawa, mi ya kai ku ɓatawa?"

Na ji salati ya tashi daga wajen mata. Ba maganar malami ta sa su salati ba, ko kusa. Sunan ne. Suruka ta kama sunan uwar mijinta a gaban gari, tsohuwar na zaune a kan tabarma, kuma ta ce "ɗiyata" a kan 'yar fari. Na ga Iya ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga babanku ya sunkuyar da kai. Na juya wajen tafinta na ce ya gaya wa baƙin abin da na faɗa, kada ya rage. Ya kalli mai tabarau. Mai tabarau ya yi murmushi ya yi wa baƙin wata doguwar magana da Faransanci. Ban san abin da ya ce ba, amma na ga sun gyaɗa kai suna kallona da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai taɓin hankali. Sannan ya juyo gare ni cikin taushin murya:

"Madam, kwantar da hankalinki. Mun ji kokenki, za a duba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na jefar da cokalin, na kama hannun 'yata, karo na farko a gaban mutane tun da na haife ta, na ja ta muka ratsa taron. Na kai ta tsohon ajinta, na zaunar da ita a bencin gaba. Washegari na dawo da kaskona bakin ƙofar ajin, ba gindin bedi ba, na ce wa direkta duk ranar da ya sake kaɗa ta, zan shiga mota in je Maradi in yi abin da na yi jiya a ƙofar biron nasu. Ba gaskiyata ya gani ba, fitina ya guda. Ya ce ta zauna, shi bai gani ba bai ji ba. Mushe Alhasan ya shigo, ya tsaya a gabanta, ya ja amawali ƙasa.

Yanzu ga abin da na biya. Da yammacin ranar taron Iya ta tattaro kayan yayarku, tabarma da 'yan tufafi, ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce:

"Tunda bakinki ya iya ɗaukar sunana, ɗakinki ya ɗauki ɗiyarki."

Daga ranar ba ta sake cin abin da na dafa ba har ta koma ga Allah. In girkina ne, sai ta jiƙa gari ta sha. Na durƙusa mata ba sau ɗaya ba, na ce ban yi don in wulaƙanta ta ba, sunan yarinya na kira. Ba ta taɓa amsa mini ba. Na san na ƙona mata rai, tana son yarinyar nan kamar ranta, kuma ina yi mata addu'a kullum. Babanku ya ce in tafi gida sai zuciyar tsohuwa ta huce. Na ce ba inda za ni sai an rufe lakkwal, in ya so ya sake ni. Bai sake ni ba, amma da aka yi hutu sai da na yi damina guda a Mai Yara, kuna tare da ni, kuna tsammanin ziyara muka je. Can ma ban tsira ba. Uwata ta yi kuka ta ce na tona mata asiri, za a ce ba ta koya mini komai ba. Da na dawo na tarar an sa ni a waƙar daka. In na shiga gidan biki sai a yi shiru, sannan wata ta ce wa 'yarta, "Ke, rufe baki, ko lakkwal za ki?" Ku ma an tsokane ku a hanya, na sani, kuna dawowa da kuka ba ku san dalili ba.

Mushe Alhasan kuwa, ƙarshen shekara aka ɗauke shi aka jefa can arewa, wai shi ya zuga ni. Bawan Allah nan ban da maganar ƙosai ba abin da ya taɓa haɗa ni da shi. Ban sake ganinsa ba. In yana raye Allah ya saka masa, in ya rasu Allah ya haskaka kabarinsa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ta ci sartifika ba. Ba ta ci ba. Ranar jarrabawa baƙon malami ne ya karanta dikte, yana zagaya aji, yana magana daga bayanta, domin doka haka ta ce, kuma biron da ke kula da irinta bai ga ya dace ya gaya masa ya tsaya wuri ɗaya ba. Amma ta ƙarasa shekararta a kan benci, ba a bayan taga ba. Karatun da take yi yau, rubutun da take aiko muku ta waya kuna cewa ta fi ku iya tsara magana, shagon ɗinkin da take riƙe da shi ba mai cutarta, daga wannan benci suka fito. Shuɗin ɗakin yana nan, ku je ku gani. Karyayyun kujeru ake tarawa a ciki, allon mai zanen kunne har yanzu yana ƙofa.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. A ranar an yi abu biyu a gaban mutanen Dakoro. Manyan mutane masu albashi sun tsaya sun yi ƙarya da yara marasa ji, sun sa musu riga sun ɗauki hoto sun tafi. Mace ɗaya kuma ta kira sunan 'yarta. Shekara nawa ke nan, ba wanda ya taɓa yi wa mai tabarau waƙa. Ba wanda ya ce masa marar kunya. Iyayen sauran yaran, waɗanda aka mayar da nasu kiwo, suna zaune a wurin, ba wanda ya tashi ya ce gaskiya ta faɗa. Ni kaɗai gari ya riƙe, har abin ya zo ya fito ta bakin ɗana ranar suna, ana dariya.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanku. Lokacin da na ja ta muka shiga ajin nan, ba kowa a ciki, duk ana waje ana hayaniya. Na zaunar da ita, na juya zan fita. Sai ta riƙe mini zane. Ta miƙe, ta sa hannu ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen hasken taga. Ashe duk abin da na faɗa a fili bakina take kallo. Sunan nan ta san shi a bakin mutum ɗaya ne kawai a duniya, Mushe Alhasan, in yana kiran yara da safe. Ba ta taɓa ganinsa a bakin kowa a gidanmu ba. Da 'yar siririyar muryar nan da ta daɗe da ɓoyewa ta ce:

"Sake."

Na ce, "Maimuna."

Ta sa yatsa a kan leɓena, ta ce, "Sake."

Na sake. Na yi ta sakewa, tana kallo, ba ta ko ƙiftawa. Duk mutanen da suka cika filin nan sun ji na kira sunanta, har da waɗanda ba su so ji ba. Ita kaɗai ce ba ta ji ba. Shekarun da take da kunne ina kusa da ita, ina ce mata "waccan".

Don haka Sanusi, in ka gama karanta wannan, ka shiga wurin Balki ka ce na ce ta ɗauki halina. Ta kira ɗanta da sunansa, a ɗaki da tsakar gida da gaban ko wane ne. Ta kira shi tun yana ji.